Daren da muka yi gardama a kan cikin Baba

Da yawanku kun zo dubiya lokacin da mahaifinmu yake kwance, wasu sun ba da jini, wasu sun turo abin da ya sawwaƙa. Allah ya saka wa kowa da alheri. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ake ta yi mana: me ya sa aka tsaga cikin dattijo ɗan shekara 76, alhali a Abuja muke, garin da ake cewa ana aikin ciki da kyamara ba sai an yanka mutum ba? Wani ma ya tare mu a wurin ɗaurin aure ya ce, cikin raha amma da biyu, wai ko kuɗin ne muka ji wa tsoro. Shi ya sa mu 'ya'yansa biyar muka ga gara mu rubuta abin da ya faru yadda ya faru, har da inda muka yi kuskure, domin kusan kowane gida a cikinmu akwai tsoho ko tsohuwa.

Baba ya zo ne daga gida don a duba masa ido, ya sauka wurin babban yayanmu a Kubwa. Lafiyarsa ƙalau in ban da hawan jini da yake shan magani a kai. Shekara talatin da wani abu da suka wuce an taɓa yi masa tiyatar afendis, har mun manta da zancen. Daren Laraba bayan ya ci tuwo sai ya ce cikinsa na murɗawa. Ranar Alhamis aka jiƙa masa kanwa, aka je kemis aka haɗo masa magani, da yamma kuma wani daga cikinmu ya kawo maganin wanke ciki, wai ƙila ciki ne ya ɗaure. Wannan shi ne kuskurenmu mafi girma. Hanjin da ya toshe, in ka tura masa abin da zai ƙara matsa shi, tamkar ka ƙara wa bututun da ya cushe ƙarfin ruwa ne.

Akwai tambayar da ya kamata mu yi masa tun ranar Alhamis, kunya ta hana. Wa zai dubi mahaifinsa ya ce, Baba, ka yi bayan gida? Iska tana fita? Shi ma ba zai faɗa wa 'ya'yansa ba, balle surukarsa. Sai ranar Juma'a da ya kasa tashi zuwa masallaci, ciki ya kumbura kamar ganga, amai ya koma kore, daga baya ya yi duhu yana wari, sannan hankalinmu ya tashi. A nan muka ji daga bakinsa cewa tun daren Laraba ko iska ba ta fita ba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa mun ɓoye shi kwana biyu cur. Abin da ya ƙara ruɗa mu, babu zazzaɓi a jikinsa, kuma bai cika kuka da ciwon ba. Daga baya likita ya gaya mana haka jikin tsoho yake: ciwo na iya cin ciki sosai alhali alamunsa a waje kaɗan ne.

Wani ƙaramin asibiti da ke kusa ya sa masa ƙarin ruwa ya tura mu gaba. Wajen ƙarfe tara na dare muka isa sashen gaggawa na wani babban asibitin gwamnati. Aka zura masa roba ta hanci har ciki, ruwa mai duhu ya dinga fita fiye da yadda muka zata ciki zai iya ɗauka. Aka sa robar fitsari, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki na kwamfuta. Kafin sha ɗaya likitan tiyata ya kira mu gefe ya ce ƙaramin hanji ne ya toshe, yana kyautata zaton wani zaren tabo ne daga tsohon aikin nan ya shaƙe shi, kuma yana tsoron jini ya daina isa wani sashe. Ya ce a daren za a yi aiki, kuma buɗe cikin zai yi.

A daidai nan wayar ƙanwarmu ta shigo. Tana aikin jinya a Ingila, kuma duk gidanmu in zancen lafiya ne ita ake saurara. Tana kuka take cewa kada mu bari a tsaga Baba daga ƙirji zuwa mara. Ta ce ta ga tsofaffi da yawa da aka yi wa irin wannan yanka: zafin ciwon kan hana su jan numfashi sosai, huhu ya kamu, ɗinki ya ruɓe, wasu su kwanta su kasa tashi. Ta ce mu nemi inda za a yi masa da kyamara. Autanmu ya fara buga waya, ya samu wani asibitin kuɗi a cikin gari da suka ce suna yin aikin, amma likitan da ya iya sai da safe zai shigo, kuma sai an ajiye kafin alƙalami mai nauyi. Nan muka rabu biyu a barandar asibiti. Biyu suka ce a ɗauke shi, kuɗi ba za su gagara ba ko da za a sayar da mota. Biyu suka ce a bari a yi a nan. Kowa yana ganin ɗan uwansa ne ba ya tausayin Baba. An faɗi maganganu a daren nan da har yanzu muke neman gafarar juna a kansu.

Likitan ya ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ya juya bayan wata takarda ya yi mana zane. Za mu maimaita bayaninsa yadda muka fahimta, don mun lura da yawanmu leza muke kiran wannan aiki, alhali ba wata leza a ciki. Sunansa laparoskopi. Ana huda ciki wuri uku ko huɗu, kowace huda tsakanin rabin santimita da santimita ɗaya ko ɗan fiye, a hura iskar kabon a ciki don fatar ciki ta ɗaga a samu fili, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo yana aiki. Ya ce duk abin da ƙanwarmu ta faɗa gaskiya ne, shi kansa yana yin irin aikin da rana. Amma ya ce mu dubi cikin Baba. Hanji ya kumbura ya cika ko'ina, babu filin da kyamara za ta gani. Hanjin da ya kwana biyu a kumbure bangonsa ya yi siriri kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ƙarfe na taɓa shi zai iya ɓulewa, ƙazanta ta malale a ciki. Sannan iskar da ake hurawa tana danna huhu daga ƙasa, tana kuma rage jinin da ke komawa zuciya. Mai ƙarfi ba zai ji komai ba, amma tsohon da ruwan jikinsa ya ƙare, jininsa ya fara sauka, ba lallai ya jure ba. Ya ƙare da cewa, da ranar Alhamis da safe kuka kawo shi, da wataƙila da kyamarar zan fara.

Wannan magana ta yi mana zafi, don gaskiya ce.

Duk tsawon gardamar nan ba wanda ya tambayi mai cikin. Muna tsaye a kansa muna magana da Turanci kamar ba ya wurin. Likitan sa barci ce, wata mata mai natsuwa, ta ce a yi wa dattijon bayani da Hausa, jikinsa ne. Yayanmu ya durƙusa ya faɗa masa komai, har da cewa idan aka tarar hanjin ya lalace sosai za a iya fito da bakinsa ta gefen ciki a maƙala jaka, bayan gida ya riƙa taruwa a nan na wani lokaci. Baba ya yi shiru. Bai tambayi tsawon yanka ba, bai tambayi kuɗi ba. Ya ce, «Likita, in kun gama, zan iya kai goshina ƙasa?» Likitan ya ce in Allah ya yarda, amma ba nan kusa ba. Sai ya ce, «To jakar nan fa, ya mutum zai yi da alwala?» Yayanmu ya kira wani malami da muke girmamawa, a wannan tsakar daren, ya sa wayar a kunnen Baba. Malam ya ce masa mai irin wannan lalura yana da sauƙi a shari'a kamar mai yoyon fitsari, sallarsa tana nan. Da Baba ya ji haka sai ya ce, «Ku bar yaron nan ya yi aikinsa, kada ku ƙara jijjiga ni a mota.»

Ƙarfe uku saura aka sa hannu a takarda. Awa huɗu muka ɓata. An shiga da shi bayan an samu jini leda biyu daga 'yan uwan da suka taso daga Dei-Dei da Dutsen Alhaji a wannan dare. Ana kiran assalatu likita ya fito ya nuna mana hoto a wayarsa: wani siririn zare kamar igiyar takalmi ya zagaye hanji, sashen da ya shaƙe ya yi baƙi, tsawonsa ya kai kamu guda. Ya yanke shi ya haɗa bakin biyu, ba a kai ga jaka ba. Da muka tambaye shi ko jinkirinmu na daren ne ya kashe hanjin, sai ya ce kwana biyun da aka yi a gida sun fi awa huɗun nan nauyi, amma da an jira safe da labarin ya canja.

Kada wani ya ɗauka muna cewa ƙanwarmu ta yi kuskure. Kusan duk abin da ta ji tsoro sai da ya faru. Baba ya yi kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman. A dare na uku ya ruɗe, yana fizge robar hanci, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, yana cewa a kore awaki daga gona. Wata gwaggonmu ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Addu'a dai mun yi, amma likitoci suka ce ruɗewa ce da ke yawan kama tsofaffi bayan babbar tiyata, kuma sau da yawa alama ce ta wani abu a ƙasa. Da aka bincika, huhunsa ne ya fara kamuwa, saboda zafin ɗinki ya hana shi tari da dogon numfashi. Aka canja magani, aka koya masa rungume matashi a ciki in zai yi tari, aka ce mu mayar masa da tabaransa, mu buɗe labule da rana, mu riƙa gaya masa ranar da ake ciki da inda yake. Ma'aikatan jinya suka matsa sai ya tashi ya taka, mu kuwa muna ganin rashin imani ne a tayar da tsoho da ɗinki a ciki. Ashe kwanciyar ce ke kashewa. Ƙasan ɗinkin kuma ya yi ruwa, aka buɗe wurin ana wankewa kullum. Kwana 16 muka yi kafin sallama.

Zaman jinya yana da tsawo, sai muka shiga karatu, ƙanwarmu tana turo mana abin da ta samu. Aikin kyamara a ciki ba tsoho ba ne sosai. A 1980 wani likita Bajamushe, Kurt Semm, ya fara cire afendis ta wannan hanya, a 1985 wani Bajamushen, Erich Mühe, ya cire matsarmama, a 1991 kuma aka fara ba da rahoton yanke babban hanji da ita. A aikin da aka shirya tun da wuri, amfaninta ba abin musu ba ne: ciwo kaɗan, ɗinki bai cika ruɓewa ba, mutum ya tashi da wuri. Aikin gaggawa ne ke da wuyar sha'ani. Bincike da yawa sun nuna waɗanda aka yi wa da kyamara sun fi tsira, amma akwai tarko a lissafin, domin likita yakan zaɓi mai sauran ƙarfi ne ya yi masa da kyamara, wanda ya galabaita kuma a buɗe shi. Kamar ka gwada motar da ke kan kwalta da wadda ke cikin yashi ne ka ce ta farko ta fi inji. A wani gwaji da aka yi a asibitocin Finlan da Italiya, aka buga a 2019, an raba marasa lafiya kusan 100 masu irin toshewar Baba ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka yi wa da kyamara sun riga sauran komawa gida da kwana ɗaya da 'yan awanni. Riba ce, amma ba irin wadda muka yi ta faɗa a kanta ba, kuma tun farko an tace waɗanda aka sa a gwajin, an ɗauki waɗanda ake sa ran zare guda ne kawai ya shaƙe su.

Abin da ya fi ba ƙanwarmu mamaki daga ƙasar da take aiki ya fito. A Ingila da Wales tun 2013 ake tattara bayanan duk wanda aka yi wa tiyatar hanji ta gaggawa. Fiye da rabinsu sun haura shekara 65, kuma mafi yawansu buɗe ciki ake yi. Da aka fara, kusan 12 cikin 100 ke rasuwa cikin kwana 30, daga baya adadin ya sauka ƙasa da 10. Abubuwan da suka fi mayar da hankali a kai su ne a ɗauki hoto da wuri, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri, a auna haɗarin kowane mara lafiya kafin aiki, babban likitan tiyata da babban likitan sa barci su kasance a ɗakin, sannan a kai mai haɗari ɗakin kulawa ta musamman. A nahiyarmu kuma, wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya duba mutum sama da 11,000 a ƙasashe 25 na Afirka har da Najeriya, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu, duk da cewa marasa lafiyarmu sun fi ƙuruciya. Kuma mafi yawan mace-macen ba a kan teburin aiki suke faruwa ba, a kwanakin da ke biye ne, lokacin da matsala ta taso ba a gan ta da wuri ba. Da muka karanta wannan sai muka tuna dare na uku. Da ba a kula da ruɗewar Baba an duba huhunsa ba, girman yanka ko ƙanƙantarsa ba zai cece shi ba.

Bayan wata takwas Allah ya nuna mana ɗaya fuskar. Surukar yayanmu, mai shekara 70, da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa tun tana matashiya, ta fara irin wannan murɗawar da amai a Gwarimpa. Wannan karon matar yayanmu ba ta yi kunya ba, ta yi wa mahaifiyarta tambayar nan kai tsaye, kuma ko ruwa ba a ba ta ba aka wuce asibiti a daren. Cikinta bai kai ga kumbura sosai ba. An gwada robar hanci da ƙarin ruwa, abin bai saki ba, sai aka shiga da kyamara aka datse zaren, hanjin yana da rai. Likitan ya faɗa tun farko cewa in ya shiga ya ga ba dama zai buɗe, kuma kada a ɗauki hakan a matsayin aiki ya ɓaci. Ba a kai ga haka ba. Huda uku, kwana huɗu ta koma gida. Baba da ya je gaishe ta ya ce ita dai ta iya zaɓen 'ya'ya.

Mu yanzu a gidanmu mun sauya wasu abubuwa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane tsoho yana da takarda a jakarsa mai ɗauke da magungunan da yake sha, musamman asfirin da sauran masu tsinka jini, da na suga da na hawan jini, da duk tiyatar da aka taɓa yi masa ko da ta shekara arba'in ce. Mun raba su da haɗin kemis na ciwon gwiwa da baya, don irin su diklofenak da ibufrofen suna iya cin bangon ciki har ya ɓule, wannan ma wata hanyar zuwa ɗakin tiyata ce da tsakar dare. Kawunmu da ya shekara goma yana tura ƙabarsa ciki da hannu mun lallashe shi an yi masa aiki da rana tsaka, cikin shiri, kafin wata rana ta fito ta ƙi komawa. Kuma mun zauna mun duba taswirar garin. Abuja tana da Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jabi, da manyan asibitocin gundumomi irin na Maitama, Asokoro, Wuse, Kubwa da Nyanya, ga na kuɗi birjik. Amma wanda ke Mararaba ko Zuba ya san nisan da ke tsakaninsa da su ba a kilomita ake auna shi ba, a cunkoso ne. Tambayar da muke yi wa asibiti yanzu ba ko kuna da kyamara ba ce kaɗai. Mukan tambaya wa ke aiki ƙarfe biyun dare, akwai likitan sa barci a kusa, akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman, akwai ma'ajiyar jini. Ku sani kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa. Duk da haka magani da kayan aiki sai an saya, don haka wanda iyayensa ba su da inshorar lafiya ya bincika ta hukumar NHIA ko ta shirin inshora na Birnin Tarayya tun suna kan ƙafafunsu.

Baba ya yi wata biyu yana salla a zaune. Ya rame ƙwarai, sai da aka dage da ƙwai da kifi da wake da nono kafin naman jikinsa ya fara dawowa. A ƙasan tabon wani ɗan ƙullutu ya fito da ke tasowa in ya yi tari, likita ya ce ƙaba ce ta wurin ɗinki, ana sa mata ido, yana ɗaura ɗamara in zai yi tafiya. Wannan ma yana cikin abin da ƙanwarmu ta faɗa a daren nan, kuma takan tuna mana. Ranar wata Juma'a kafin faɗuwar damina yayanmu ya leƙa ɗakinsa da asuba ya tarar ya ture kujerar gefe, goshinsa a kan darduma. Ya daɗe bai ɗago ba, har yayanmu ya tsorata ya matsa kusa. Da ya sallame sai ya ce a nemo masa motar gida, iri na jiran shuka, idon da ya kawo shi Abuja kuma a bar shi sai bayan kaka.